Hadiman gwamna da na minista: wa ya san adadinsu, wa ke tambayarsu?

Duk lokacin da aka rantsar da sabuwar gwamnati a Najeriya, da zarar an gama rabon kujerun ministoci ko na kwamishinoni, sai a shiga wani rabon da ba ya ƙarewa sai ranar da gwamnatin ta sauka. Sanarwa ce za ta yi ta fitowa daga ofishin Sakataren Gwamnati, yau mutum goma sha, jibi hamsin, wani makon ɗari da ɗoriya: mashawarta na musamman, manyan mataimaka na musamman, mataimaka na musamman, da hadimai na kusa. A bakin 'yan siyasa an gajarta su zuwa SA da SSA da PA, kuma ko wanda bai taɓa shiga aji ba ya san wanne ya fi wanne maiƙo. Sanarwar takan rufe da cewa naɗin ya fara aiki nan take. Abin da ba ta cika faɗa ba shi ne aikin da aka ɗauko mutum ya yi, da wanda zai riƙa kai wa rahoto, da abin da za a riƙa biyansa daga baitulmali.

Idan magana ta taso a rediyo ko a Facebook, yawanci a kan kuɗi take tsayawa, a ce ɓarna ce, a ce da asibiti aka gina da ya fi. Gaskiya ne akwai ɓarna, kuma zan zo kanta. Sai dai a ganina albashin hadimai shi ne ƙaramin abin da ake asara. Babbar asarar tana faruwa ne a cikin ma'aikatu, inda aka wayi gari mai iko ba ya sa hannu, mai sa hannu kuma ba shi da iko.

Kundin tsarin mulki na 1999 ya san da mashawarci na musamman. Sashe na 151 ya ba shugaban ƙasa damar naɗa shi, sashe na 196 kuma ya ba gwamna. Amma ba a sakar musu mara haka kawai ba. Adadin mashawartan da abin da za a biya su, sai doka ko ƙudurin majalisa ya fayyace. Mashawarcin ba zai fara aiki ba sai ya bayyana kadarorinsa ya yi rantsuwa. Kujerarsa kuma tana hannun wanda ya naɗa shi: ranar da aka ga dama a sallame shi, ranar da ubangidan ya bar mulki shi ma ya tafi. Shi ya sa a watan Yunin 2015 Muhammadu Buhari ya aika wa majalisar dattawa takarda yana neman a amince masa da mashawarta 15, Bola Tinubu kuma ya nemi 20 a Yunin 2023. Duka biyun an amince musu ba tare da wata doguwar muhawara ba, amma dai an nemi izini, kuma kowa ya ji adadin.

To ina ɗaruruwan nan suke fitowa? Daga wani wuri dabam a cikin kundin. Sashe na 171 da na 208, waɗanda suka lissafa muƙaman da shugaban ƙasa da gwamna ke naɗawa da kansu, kamar Sakataren Gwamnati da Shugaban Ma'aikata da manyan sakatarori, sun rufe jerin da 'yar gajeriyar magana: duk wani muƙami na ma'aikatan da ke yi wa shugaban ƙasa ko gwamna hidima ta kai tsaye. Ba a faɗi adadi ba, ba a ce a je majalisa ba, ba a ce ga irin aikin ba. Mai karatu zai iya ɗauka cewa sakataren sirri ake nufi, da mai rubuta jawabi, da likita, da mai kula da baƙi. Amma ta nan SSA da SA da PA suka shigo, suka yi ta yaɗuwa har suka bar gidan gwamnati suka bazu cikin ma'aikatu da hukumomi da ƙananan hukumomi. An sa mai gadi a ƙofar gaba yana ƙirga masu shiga, an bar ƙofar baya a buɗe. Minista da kwamishina ma kowa da nasa hadiman, waɗanda takardun umarni na cikin gida ne kawai ke tsara su, kuma takardar umarni wanda ya rubuta ta yana iya sauya ta gobe.

Alƙaluman da suka fito fili sun isa a gane girman abin. A 2011 Isa Yuguda ya naɗa hadimai sama da 1,000 a Bauchi. Ben Ayade na Kuros Riba ya kai nasa dubbai a cikin shekara takwas, kuma bai ɓoye dalilinsa ba, ya ce yana so ne abinci ya kai teburin jama'a. A Agustan 2023 Ahmadu Fintiri ya naɗa mutum 47 a ɓangaren yaɗa labarai kaɗai a Adamawa, Umaru Bago kuma ya ba mata 131 muƙamai a Neja. A Kano, cikin watannin farko na mulkin Abba Kabir Yusuf hadimai sun haura 400, ciki har da matasan soshiyal midiya da aka tura ma'aikatu da hukumomi a matsayin masu kawo rahoto na musamman. Na jero su ne daga jam'iyyu daban-daban da gangan, domin wannan ɗabi'a ba ta da jam'iyya. Wanda ya soki abin yana adawa, idan ya hau kujera yakan yi irinsa ko ya zarce.

Kafin a yi Allah wadai, ya kamata a fahimci abin da ke tura gwamna. Ba a cin zaɓe a ƙasar nan sai da gumin ɗaruruwan mutane: wakilan akwati, shugabannin jam'iyya na mazaɓu, sojojin baka da suka shekara suna kare ɗan takara a rediyo, 'yan takarar da aka lallashe su suka janye, matan da suka bi gida-gida. Kujerun kwamishina galibi ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, kuma sai an raba su tsakanin shiyyoyi. Kowace ƙaramar hukuma tana ƙirga nata, wadda aka manta kuwa dattawanta za su yi ayari zuwa gidan gwamnati su ce an yi ba su. A ƙasar da masana'antu suka durƙushe, matashi mai digiri ya shekara biyar yana yawo da takardu, takardar naɗi ita ce ladan da ya fi sauƙin bayarwa, domin ba ta bukatar jarrabawa ko gurbi ko amincewar hukumar ɗaukar ma'aikata.

Akwai kuma lissafin zaɓe mai zuwa. Mai riƙe da muƙami a mazaɓa ido ne kuma kunne, kuma a da yakan zama daliget mai kaɗa ƙuri'a a zaɓen fidda gwani. Wannan ne ya sa majalisar tarayya ta saka sashe na 84(12) a dokar zaɓe ta 2022, wanda ya hana duk mai muƙamin siyasa na naɗi zama daliget ko tsayawa takara a zaɓen fidda gwani yana kan kujerarsa. Buhari ya sa wa dokar hannu a Fabrairun 2022 yana ƙorafi a kan wannan sashe, majalisa ta ƙi gyara shi, aka dangana da Kotun Ƙoli, ita kuma ta yi watsi da ƙarar shugaban ƙasa da ministan shari'arsa a watan Yuni. Irin jan-in-jar da aka yi a kan layi biyu na doka ya nuna cewa masu mulki sun san amfanin waɗannan muƙamai a siyasance fiye da yadda suke faɗa.

Ban yarda da masu cewa a soke muƙaman gaba ɗaya ba. Ɗan siyasa yana shigowa ma'aikata ne da alƙawuran da ya ɗauka a kan mumbari, da shekara huɗu kacal a hannunsa. Yana tarar da ma'aikatan da suka ga gwamnati biyar kafin tasa kuma za su ga na bayansa, waɗanda ƙa'idar aikinsu ta hana su shiga siyasar jam'iyya. Yana bukatar mutum biyu ko uku da ya yarda da su, waɗanda suka san manufarsa, za su karanta masa abin da ba shi da lokacin karantawa, su bi masa sawun umarni, su kula da hulɗarsa da jam'iyya da majalisa domin kada a jawo ma'aikacin gwamnati cikin wannan. Wani lokaci kuma ƙwarewar da ake nema babu ita a cikin ma'aikatar sam.

Mun ga inda abin ya yi amfani. Oby Ezekwesili tana matsayin babbar mataimakiya ta musamman ga Obasanjo ta jagoranci sashen sa ido kan farashin kwangiloli, aikin da ya haifar da dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 da hukumar BPP mai sa ido a kan sayen. Amina Mohammed, 'yar Gombe, da irin wannan muƙami ta riƙe ofishin muradun ƙarni daga 2005, bayan an yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18, tana kula da yadda ake karkatar da rarar kuɗin zuwa lafiya da ilimi da ruwan sha. Ta yi aiki da shugabanni uku a kan kujerar, daga baya ta zama ministar muhalli, a 2017 kuma mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya haɗa waɗannan biyun shi ne kowace an ba ta aiki guda sananne, da ofis, da ma'aunin da za a auna ta da shi. Ana iya cewa ta yi ko ba ta yi ba. Mutum na 387 a jerin SSA na wata jiha, da wane ma'auni za a auna shi?

Rashin yarda tsakanin 'yan siyasa da ma'aikata ya daɗe, kuma yana da tarihi. A zamanin Gowon manyan sakatarori irin su Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda da Ibrahim Damcida sun yi ƙarfin da har ake ganin sun fi kwamishinonin tarayya, wato ministocin wancan lokaci, faɗa a ji. Da Murtala ya zo a 1975 ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 cikin 'yan watanni, wasu da laifi, wasu ba a ko saurare su ba. Tun daga nan ma'aikaci ya gane cewa kujerarsa ba ta da tabbas kamar yadda ya ɗauka, kuma da yawa suna ganin nan ne aka fara koyon tara abin gobe tun ana kan aiki. Tsarin shugaban ƙasa na 1979 ya kawo mashawarta na musamman, Shagari ya ƙara da naɗa jami'an tuntuɓa nasa a jihohi, abin da gwamnonin adawa suka ɗauka a matsayin kishiyar da aka yi musu a cikin gida. A 1988 Babangida ya fito da doka mai lamba 43, ya mai da babban sakatare Darakta Janar, muƙamin siyasa da ke tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa shi, ya kuma ɗora wa minista alhakin kuɗin ma'aikata. Tsarin bai yi ƙarko ba. Kwamitin da Abacha ya kafa a 1994 ƙarƙashin Ayida ya ba da shawarar a soke shi, aka dawo da babban sakatare da alhakinsa. An dawo da suna da alhaki, amma amana ba ta dawo ba. Daga 1999 zuwa yau, maimakon ɗan siyasa ya gyara ma'aikatar da ba ya yarda da ita, sai ya zagaye ta da mutanensa.

Duk wanda ya taɓa zama a falon jiran kwamishina ya ga yadda abin yake. Darakta ne zai shigo, mutumin da ya kusa cika shekara 35 a aiki, furfura ta cika gemu, rungume da fayil mai ɗaurin zare. Zai tarar da matashi a teburin bakin ƙofa, waya biyu a gabansa, ɗaya tana caji ɗaya tana ƙara. Matashin zai miƙe ya gaishe shi da ladabi, ya ce "Baba, barka da aiki, mai gida yana da baƙi, kawo in shigar." Darakta zai miƙa fayil ya koma ofis. Bayan kwana biyu fayil ya dawo, babu ko layi ɗaya na rubutun kwamishina a kai, sai saƙon baki: mai gida ya ce a ba kamfani kaza, a yi sauri kafin ƙarshen wata. Darakta ba shi da hanyar sanin ko kwamishina ne ya faɗa, ko an ƙara wa maganar gishiri a hanya, ko ma bai taɓa ganin fayil ɗin ba. Idan ya nemi a rubuta, a ce yana yi wa gwamnati zagon ƙasa, ko a tuna cewa tsohuwar gwamnati ce ta ƙara masa girma. Idan ya yi shiru ya aiwatar, sunansa ne a kan takarda.

Shekara biyu ko uku bayan haka, lokacin da mai binciken kuɗi na jiha ya fitar da rahoto, ko kwamitin majalisa ya kira, ko EFCC da ICPC suka aiko da takardar gayyata, wanda za a nema shi ne babban sakatare, domin shi ne ƙa'idojin kuɗi suka ɗora wa alhakin kowane kwabo na ma'aikatar, sai daraktan kuɗi da duk wanda sa hannunsa ya fito. Hadimin ya daɗe da tafiya, kuma babu takarda ɗaya da ta nuna ya taɓa cewa komai. Ba ina cewa kowane hadimi macuci ne ko kowane darakta waliyyi ba ne. Akwai ma'aikatan da ke maraba da wannan duhu domin su ma a cikinsa suke cin nasu. Matsalar ita ce tsarin ya raba iko da alhaki, kuma duk inda aka raba su, mai gaskiya a ɓangarorin biyu shi ne ke kwana ciki.

Ma'aikacin kirki da ya ga haka sau biyu sau uku yakan koyi darasi mara kyau. Ya daina ba da shawara, tunda ba a nema. Ya daina rubuta gargaɗi a kan fayil. Wani kuma ya koma jan ƙafa, fayil ya yi wata guda tsakanin ofis biyu da ke kallon juna, sai ɗan siyasa ya ce ai kun gani, dama na faɗa ma'aikata ba sa aiki, ya ƙaro wasu hadiman. Akwai kuma asarar da ba a cika magana a kanta ba, wato ta tarihin aiki. Abin da aka yi a fayil yana nan a rajista ko bayan shekara ashirin. Abin da aka yi ta WhatsApp da kwamfutar hannu ta hadimi yana bin sa gida ranar 29 ga Mayu, ranar miƙa mulki. Sabuwar gwamnati ta zo ta tarar da yarjejeniyar da ba wanda ya san yadda aka ƙulla ta, da ɗan kwangila yana neman cikon kuɗin aikin da ba a ga takardarsa ba.

Wannan rikicin iyaka har fadar shugaban ƙasa ya kai. Muƙamin shugaban ma'aikatan fadar ba ya cikin tsarin mulki da sunansa. Obasanjo ne ya kafa shi a 1999 ya ba Janar Abdullahi Mohammed, 'Yar'aduwa ya soke shi a 2008, Jonathan ya dawo da shi. A Agustan 2019 Buhari ya umarci sababbin ministocinsa su riƙa bi ta ofishin Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadarsa, idan suna son ganinsa. Ministocin da majalisar dattawa ta tantance, waɗanda tsarin mulki ya ambata, suka koma neman izini a wurin wanda ba a tantance ba. A farkon 2020 wata takarda ta mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, Babagana Monguno, ta fita fili, yana zargin Kyari da shiga harkar tsaro da ba hurumensa ba. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, abin lura shi ne manyan hadimai biyu na shugaban ƙasa suna jayayya a kan iyakar aikinsu ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram da 'yan bindiga, domin babu rubutacciyar dokar da ta shata iyakar.

Shi kansa ƙaramin hadimi a jiha, sau da yawa abin tausayi ne. Ranar da sunansa ya fito, waya ba ta hutawa. Abokai su haɗa hotonsa da na gwamna su watsa, a yi walima, a fara kiransa Honarabul. Washegari da asuba ƙofar gidansa ta cika: mai takardar asibiti, mai kuɗin makaranta, mai neman a saka ɗansa a aiki, surukin da bai taɓa zuwa ba. Ba wanda zai yarda cewa abin da ke shiga asusunsa a wata bai kai na wani matsakaicin ma'aikaci ba, ko cewa wata uku ke nan ba a biya ba. Da yawansu ba su da ofis ko tebur. Sukan je sakatariya su zauna a ƙarƙashin bishiya ko a ofishin wani aboki, su raka ayari zuwa ɗaurin aure da ta'aziyya, su dawo. Wanda ya rufe shagonsa ko ya bar koyarwa a makarantar kuɗi saboda wannan takarda yakan gane kuskuren lissafinsa a makare. Sallama kuwa a rediyo ake jin ta, an rusa duk masu muƙaman siyasa, a miƙa kayan gwamnati ga babban sakatare. Babu fansho, kuɗin sallama kuma sai wanda Allah ya ciyar. Tsarin mulki ya tanadi cewa wanda aka ɗauko daga aikin gwamnati zai iya komawa bakin aikinsa, amma wanda aka ɗauko daga kasuwa ko daga zaman jiran aiki babu inda zai koma, ga shi ya saba da sunan da ba zai bar shi ya koma ƙaramar sana'a cikin sauƙi ba. Mutumin da ke cikin wannan hali, da wuya ya iya kallon ubangidansa ya ce ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne. Kuma wannan ita ce kalmar da aka fi bukata daga mai ba da shawara.

A kan kuɗi, hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, ce tsarin mulki ya ba ikon tsara albashin masu muƙaman siyasa, kuma mashawarta na musamman suna cikin jerin. A tsarin da dokar 2008 ta tabbatar, ainihin albashin mashawarcin shugaban ƙasa bai kai naira miliyan 2 a shekara ba, sai dai alawus ɗin gida da mota da kayan ɗaki da kuɗin sallama sun ninka shi sau da yawa. Na SSA da SA a jihohi kuwa, galibi abin da gwamna ya ga dama ne. A ɗauki misali kawai domin lissafi: mutum 500, kowa naira 150,000 a wata, ya kama naira miliyan 75 a wata, miliyan 900 a shekara. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan kuɗi zai biya mutum fiye da 1,000. A jihar da ake samun firamare mai ɗalibai ɗari a aji ɗaya da asibitin karkara marar ungozoma, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kason jihohi ya ƙaru, don haka nauyin bai cika bayyana a kasafi ba, amma zaɓi ne ake yi tsakanin malami da hadimi ko da ba a faɗa ba. Rahoton Oronsaye na 2012, wanda ya ƙirga hukumomin tarayya 541 ya ce a rage, a kan hukumomi ya tsaya. Gwamnati na iya haɗe hukuma biyu yau ta yi shelar tsimi, gobe ta naɗa hadimai ɗari.

Ba mu kaɗai ke da irin waɗannan muƙamai ba, kuma wasu sun yi musu linzami. A Birtaniya, inda muka gaji tsarin aikin gwamnati, dokar 2010 ta ɗauki mashawarcin minista a matsayin ma'aikacin wucin gadi. Sai firaminista ya amince za a naɗa shi, yana tafiya ranar da ministansa ya tafi, kuma an hana shi abubuwa a fili: ba zai ba da izinin kashe kuɗin gwamnati ba, ba zai shiga harkar ɗauka ko ladabtar da ma'aikata ba. Kowace shekara ana gabatar wa majalisa adadinsu da abin da suka ci, kuma a duk gwamnatin ƙasar ɗari da 'yan kai ne. Su ma suna rigima a kan ƙarfin da wasu mashawarta ke tarawa, amma suna da takardar da za su koma su duba. A Ghana dokar ofishin shugaban ƙasa ta 1993 ta wajabta masa aika wa majalisa jerin ma'aikatan fadarsa kowace shekara. Da jerin Nana Akufo-Addo ya fito a 2018 da mutum 998, ciki har da ma'aikatan gwamnati na dindindin, ƙasar ta ɗauki zafi. Dokar ba ta hana yawa ba, amma ta sa 'yan ƙasa sun san a kan nawa suke faɗa. Mu a nan, ɗan jarida ne ke bin sanarwa ɗaya bayan ɗaya yana tarawa da kansa.

Gyaran da nake gani ba ya bukatar a taɓa tsarin mulki. Abu mafi muhimmanci shi ne a shata layi a rubuce, cikin ƙa'idojin aikin gwamnati na tarayya da na jihohi, cewa hadimi ba ya ba ma'aikaci umarni a kan kuɗi ko kwangila ko ɗaukar aiki ko canjin wurin aiki, kuma duk umarnin minista ko kwamishina a kan waɗannan sai da rubutunsa da sa hannunsa a fayil. Wannan zai kare darakta, zai kare kwamishinan da ake cin abinci da sunansa bai sani ba, zai kuma kare hadimin kirki daga zargin da ba nasa ba. Takardar naɗi ta faɗi aikin da ofishin da wa'adin. Wanda gwamna ke son saka wa da alheri saboda wahalar zaɓe, jam'iyya ta ɗauki nauyinsa daga asusunta, ko a shigar da shi shirin jari da koyon sana'a kamar kowa, wanda zai amfane shi bayan gwamnati ta shuɗe.

Na san majalisun jihohi da yawa ba sa iya ɗaga ido su kalli gwamna, su kansu kuma 'yan majalisa suna da nasu hadiman. A tarayya kowane ɗaya daga cikin 469 yana da gurbin mutum biyar. Duk da haka ikon yana hannunsu, domin ba a biyan hadimi ko ɗaya sai daga kasafin da suka amince da shi. A lokacin kare kasafi, ƙarshen kowace shekara, ɗan majalisa ɗaya ya isa ya nemi Sakataren Gwamnati ya kawo cikakken jerin sunaye da muƙamai da albashi kafin a wuce kan kason gidan gwamnati. Idan majalisa ta ƙi, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafi jihohi ma. Ƙungiyar ƙwadago ta jiha, ko reshen ƙungiyar lauyoyi, ko gidan rediyo mai zaman kansa, kowannensu na iya rubuta wa ofishin Sakataren Gwamnati takarda mai shafi ɗaya ya nemi jerin, idan an hana shi kuma ya garzaya babbar kotu.